Ranar da Muka Juya Motar Abba Ciki Sama

Abubuwa da yawa sun same ni a rayuwa, wasu ma ko an tuna mini sai na yi dogon tunani kafin in kamo su. Amma ranar da muka juya motar mahaifina ciki sama a wani garaji na unguwar Banifandu a Yamai, wannan kam har in koma ga Mahaliccina ba za ta fita daga raina ba.

Abbanmu ma'aikacin gwamnati ne, mutumin Damagaram da aiki ya zaunar a Yamai. Yana da wata tsohuwar mota ƙirar Faransa, irin wadda ake kira kat-san-kat, mai launin madara. Ta girme ni. A cikinta yake kwasarmu duk babban hutu, mu huɗu a kujerar baya, a yi kwana biyu a hanya kafin a isa gida. Bayan rasuwarsa sai ta zauna ƙarƙashin dogon yaro a gidanmu na unguwar Kwara Kano, damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, kaji suna yin ƙwai a cikinta. Da 'yan'uwana suka fara maganar a kira masu sayen tsohon ƙarfe, na ce sai dai su haɗa da ni su auna. Ni ungozoma ce, kuma duk wanda ya taɓa aiki da ni a ɗakin haihuwa ya san bakina ba ya jiran izini. Suka sakar mini mota, suka ce in ji da ita.

Mutum ɗaya na sani da zan kai wa. Muna ce masa Kawu, ko da yake ba mu haɗa jini ba. Toliye ne, wato mai gyaran jikin mota, mutumin Tawa, kuma tun ina goye ba wanda ya taɓa ɗora guduma a kan motar nan sai shi. Da na gaya masa abin da ke tafe da ni sai ya yi wuf ya kama hannun kujerarsa.

"Motar Alhaji? Ɗiyata, in wani ya taɓa ta ina da rai, ban yahe ba."

Na ji daɗin maganar nan ƙwarai. Na ɗauka ƙauna ce kawai.

Farkon aikin ya tafi kamar wasa. Aka cire inji aka kai wa makanike, aka cire kujeru da gilasai da ƙofofi, kowane ƙusa Kawu ya jefa shi a gwangwanin tumatir nasa daban. Ya buge duk inda ya lotsa har sai ka shafa ba ka ji tudu ba. Saura ƙasan motar, wanda tsatsa ta cinye har kana hango ƙasa ta wasu wuraren. A nan aiki ya tsaya cak. Duk Asabar in je, in tarar da ita yadda na bar ta, a ɗage bisa bulo huɗu, Kawu ya ce, "Sati mai zuwa, ɗiyata, in Allah ya so." Wata ɗaya, biyu, har huɗu. Haƙurina da ma ba shi da tsawo. Wata Asabar na tsaya a gabansa na ce, "Kawu, ko mai ciki wata tara take yi ta sauke. In aikin ya fi ƙarfinka ka faɗa, akwai garaji a hanyar Tondibiya." Ya sunkuyar da kai yana goge hannunsa da tsumma. Har yau idan na tuna wannan maganar sai in ji kamar in ciji harshena.

Ran Talatar da ta biyo na tashi aiki da wuri, na biya ba tare da na sanar ba. La'asar ta kusa. Garajin shiru, sai ƙafafun Kawu da na hango sun leƙo daga ƙarƙashin mota, yana kwance bisa kwali. Na yi sallama, ya amsa daga can ƙasa. Na tambayi gida, ya amsa. Na tsaya ina jira ya fito, shi kuma yana ta jan gaisuwa, ya tambayi Hajiya mahaifiyarmu, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, har da ƙanena da ke ƙasar waje. Sai a lokacin na lura ba na jin ƙarar komai, kuma ƙafafun ba sa motsi.

"Kawu, tun yaushe kake nan?"

Can ya ce, "Tun da anka yi azahar."

Na ajiye jaka, na kama bakin kwalin na jawo shi a hankali, yadda muke jawo mara lafiya da zanin gado. Ya fito fuska duk garin tsatsa, idanunsa a rufe, ya ƙi kallona. Bayansa ne ya riƙe. Ashe ya daɗe da ciwon, idan ya kwanta ƙarƙashin mota ya ɗaga hannu, ba ya minti goma sai ƙugun ya ƙulle, ya kasa gaba ya kasa baya. Kullum sai ya shiga, kullum sai ya fito da jan ciki bai yi komai ba. Ni da nake taƙama da aikin lafiya, wata huɗu ina ganin mutumin nan yana salla a zaune, yana dafa bango kafin ya miƙe, ban taɓa tambayarsa ba. Kunya ta kama ni sosai.

Da ya samu ya zauna, na ce to a kwantar da motar a gefe bisa tsofaffin tayoyi, yadda ake yi ko'ina. Ya girgiza kai. Ya ce mota mai ruɓaɓɓen ƙasa in aka jingine ta haka za ta murɗe, ƙofofinta ba za su sake rufuwa daidai ba har abada. Na ce to a samo wani mai ƙarfi ya shiga ƙasa, shi kuma ya zauna yana ba da umarni.

"A'a!" Yadda ya faɗe ta sai da na ja da baya. "Ba mai shiga ƙarƙashin motar ga sai ni."

Na bar shi a kan rigimar tsufa ce.

Ƙanen nan nawa na ƙasar waje ne ya kawo mafita. Da na ba shi labari a waya sai ya turo mini wani bidiyo. Na ga gangar jikin mota an ɗaure ta gaba da baya a kan wasu ƙafafun ƙarfe guda biyu, tana lilo a sama, mutum ɗaya yana juya ta yadda ya ga dama, ya kulle ta a inda yake so, ya yi aikinsa a tsaye. Jikin garajin Kawu kuwa akwai wani mai walda, Bazabarme, magidanci mai yawan raha, wanda sana'arsa ƙera injin gasa kaji ne da ƙarfen juya rago na masu biki. Na kai masa waya. Ya kalla sau biyu, ya fashe da dariya.

"Madam, ai wannan aikina ne na kullum. Kazar ce dai ta yi girma."

Kawu bai yi dariya ba. "Motar Alhaji za ku tsire kamar rago? Mi ta yi muku?" Ya kawo dalili ya fi goma. Za ta faɗo, za ta karye, mutane za su taru suna kallo. Ni kuma na tsaya kai da fata. Na ce ko wannan, ko in ɗauke mota, don ba zan zuba ido in ga ya gurgunce a kan ƙarfe ba. Ya daɗe yana kallon motar. Sannan ya ce, "To. Abin da Allah ya rubuta ba shi fashi." Na tafi gida ina jin na yi nasara.

Mai walda ya yi mako guda yana haɗa abin. Ya samo ƙarafuna masu kauri ya yi ƙafafu biyu, ya ɗora wa kowace cibiyar tayar wata tsohuwar babbar mota don ta riƙa juyawa, ya huda wani faifan ƙarfe zagaye da ramuka inda za a riƙa cusa sakata a kulle. Kawu yana zaune a kujerarsa ya juya musu ƙeya, wai ba ruwansa. Amma mutumin da ya yi shekara arba'in yana aiki da ƙarfe ba ya iya jin ana kuskure a bayansa ya yi shiru. Ranar da za a ɗora motar sai ga muryarsa.

"Kai, haka za ka ɗaga ta ba ka tokare ƙofofi ba? Sai ta naɗe maka kamar tabarma."

Ya sa aka gicciya ƙarafuna a kowace kafar ƙofa aka liƙe da walda, aka tokare ciki daga gefe zuwa gefe. Shi ya ƙwanƙwasa ya nuna inda ƙarfen ke da sauran lafiya, gaba da baya, inda za a ɗaure. Ya ce a jibge tayoyi a ƙasa, a ɗaura igiya a rufin a zagaya ta jikin ginshiƙin rumfa. Mai walda yana ta "Dakor, Baba, dakor," wato ya yarda, yana ƙifta mini ido.

Allah ya sa an saurare shi. Da aka janye jak aka zare sakata, motar ta ɗan karkata, sai kawai ta tafi da kanta za ta kife gaba ɗaya. Igiyar ta yi ƙara ta riƙe, rumfar duk ta girgiza, ni kuwa salatin da na saki sai da masu shago suka leƙo. Mai walda ya yi tsuru-tsuru. Da a ce Kawu ya so abin ya mutu, a nan ne zai ce, kun gani ko, a sauke ta. Da kuwa na yarda nan take, don na tsorata ƙwarai. Maimakon haka sai ya dafa sanda ya taso, ya ɗora tafin hannunsa a jikin motar yana ɗan girgiza ta.

"Kanta ya fi gindinta nauyi. Ka ɗaure ta sama da yawa. Sauke ta yatsa uku."

Aka mayar da jak, aka kwance, aka sauke. Ya sake girgizawa. "Ƙara yatsa ɗaya gaba, baya ya yi." Haka suka yi ta yi tun hantsi har rana ta take tsaka. A ƙarshe ya ce in zo in gwada. Na sa hannu ɗaya na tura, mota sukutum ta juya a hankali, na saki ta tsaya inda na bar ta. Yashi ya dinga zubowa daga lungunanta, da ƙwallayen dabino, da wasu tsofaffin kuɗin ƙarfe da aka daina karɓa. Muka ci gaba da juyawa har cikinta ya fuskance mu, rana ta haske shi tar, karo na farko tun da aka ƙera ta.

Baƙi ƙirin yake da kwalta, faci a kan faci. Mai walda ya bi su da yatsa yana jinjina kai. "Wannan waldar wa? Kai, kamar ɗinkin tela." Kawu ya ce tasa ce. Wannan ma tasa, waccan ma. Sai mai walda ya ɗauki ƙaramar guduma yana bi yana ƙwanƙwasawa, har ya zo wani wuri a baya, ɓangaren dama, dab da inda ƙafar motar ke kamawa. Kwaltar wurin ta fi ta ko'ina kauri, kuma ƙarar da ta fito daban ce. Ya ɗaga guduma zai sake.

"Bari," in ji Kawu. "Ba ni nan."

Ya karɓi wuta da kansa ya ɗumama kwaltar, ya sa makankari yana kankarewa. Sai ga wani abu fari yana fitowa, sai ja, sai kore. Furanni ne. Murfin langa ne, irin wanda iyayenmu ke jerawa a ɗaki, an buge shi ya baje, an kafe shi da ƙananan ƙusoshi a kan wani rami mai faɗin tafin hannu biyu. Mai walda ya ƙyalƙyale da dariya, ya juyo don mu yi tare, ya ga fuskar Kawu, dariyar ta maƙale masa.

Kawu ya koma ya zauna. Bai jira na tambaye shi ba.

Ya ce shekara ashirin da wani abu ke nan, Abba ya kawo motar ana gobe za mu tafi Damagaram, kakarmu ba lafiya. Da ya shiga ƙasa ya tarar da ramin nan. Ba shi da ƙarfen faci a ranar, iskar walda ma ta ƙare. "Abin da ya kamata in ce shi ne, Alhaji, mota ba ta tahiya gobe. Kalma huɗu ko biyar. Na kasa. Ina jin nauyinshi, kuma ban so a ce akwai abin da ya gagare ni." Sai ya shiga gida ya ɗauko murfin langar matarsa, ya buge, ya kafe, ya shafe da kwalta, ya ce wa Abba an gama. Ya ce kwanakin da muka yi a can, duk wanda ya shigo garaji da labarin hatsari a hanyar gabas sai ya zaci mu ne. Da muka dawo lafiya ya yi niyyar gyarawa, amma gyaran na kwanaki ne, dole Abba ya tambayi dalili. Ya ce bari sai wani zuwan. Wani zuwan ya ƙara kwalta. Haka shekara ta bi shekara, Abba kuma yana nuna shi a cikin mutane yana cewa, ga toliyen da ba ya ha'inci.

"Duk ya faɗi haka sai in ji kamar an watsa min ruwan zafi. Har anka kira ni anka ce Alhaji ya cika. Da kinka zo da maganar gyara na ce Allah ya ba ni dama. In shiga ni kaɗai, in cire shi, in sa ƙarhe na gaskiya, ba wanda ya ji ba wanda ya gani. Sai baya ya ƙi."

Ba zan ɓoye ba, abin da ya fara zuwa mini fushi ne. Baya, ɓangaren dama, nan ne mazaunina. Ni ce babba, ni ke zama jikin taga, ƙannena uku a gefena. A kan murfin langa muka yi ta keta dajin nan shekara da shekaru. Na ji maganganu sun taru a bakina, masu zafi, kuma na san kaina, in na fara ba na tsayawa. Sai idona ya faɗa kan kwalin nan da na jawo shi a kai, yana jingine jikin bango, duk ya lotse da siffar bayansa. Wata huɗu tsohon nan yana rarrafe ƙarƙashin ƙarfe don ya kai hannu wurin nan. Kuma ɗazu ɗazun nan, da bakinsa ya ce a sauke yatsa uku, a ƙara ɗaya, alhali ya san abin da rana za ta haska idan motar ta juyu. Fushin ya zube, tausayi ya cika ni har na ji hawaye.

Na ce, "Kawu, ai ya riƙe. Ga mu nan dukanmu."

"Allah ne ya riƙe ku, ɗiyata, ba murhin langa ba. Kar ki sauƙaƙa min." Ya ɗago ya dube ni, karo na farko tun ranar Talatar nan. "Alhaji ba shi nan balle in roƙe shi. Ke ce gabana."

Na durƙusa a gaban kujerarsa cikin yashi da tsatsa, na ce nawa haƙƙin na yafe duniya da lahira, kuma zan kai maganar ga Hajiya da ƙannena kamar yadda ya faɗe ta. Na ce shi ma ya yafe mini bakina. Mai walda ya juya baya yana gyaran igiyar da ba abin da ya same ta.

Kwana tara Kawu ya yi a kan wurin nan. Yana zaune a kujerarsa, an karkato masa motar daidai ƙirjinsa an sa sakata. In yana son wani gefen sai ya zare, ya tura da hannu ɗaya, ya mayar. Ya yanke duk ruɓaɓɓen har ya kai ga ƙarfe mai lafiya, ya auna sabo ya buge shi ya ɗauki siffar wurin, ya bi shi da walda ɗigo ɗigo don kada zafi ya murɗe shi. Da ya gama bai shafa komai a kai ba sai da ya aika aka kira ni. Ya ba mai walda guduma ya ce, "Buga, ta ji." Ƙarar ta fito ɗaya da ta ko'ina.

Bayan wata uku motar ta tashi. Na ɗauki Hajiya, wadda da na ba ta labari ta ce Allah ya yafe mu baki ɗaya, muka biya Banifandu don mu kai Kawu bakin kogi a Tondibiya. Hajiya ta ce ya shiga gaba saboda bayansa. Ya ƙi. Ya zagaya da sandarsa ya buɗe ƙofar baya ta dama, ya zauna a mazaunina. Duk ramin da muka faɗa ina ganinsa ta madubi, ya kasa kunne yana saurare. Wannan ne aikinsa na ƙarshe, bai sake ɗaukar guduma ba.

Murfin langar yana wurina, na rataye shi a ɗakina da ragowar kwaltarsa. Daga ranar nan na koyi cewa idan mutumin kirki yana ja maka rai, kafin ka zare masa harshe ka tambaye shi abin da ya riƙe shi. Na kuma koyi wani abu da ya fi wannan shafata. A aikina ma akwai ƙarƙashin da ba mai leƙawa. Yanzu idan na yi kuskure, a ranar nake faɗa, komai nauyin wanda zan faɗa wa, domin na ga abin da kalma biyar da aka kasa furtawa ta yi wa wani dattijo tsawon shekara ashirin.